Samarin gobarar daji na garinmu, gaskiyar abin da na gani a aikinsu

Salamu alaikum jama'a. Tun da aka fara cire masara iska ta fara juyawa, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu suke ta tare ni a kasuwar Ngong, nan arewacin Kamaru, wasu kuma ta WhatsApp, wai in gaya musu tsakani da Allah samarin nan na garinmu masu aikin sa kai na gobarar daji aikinsu na da amfani ko kuwa hayaniya ce kawai da karɓar kuɗin mutane, don su ma suna tunanin kafa irin tasu. To maimakon in yi ta maimaitawa bari in rubuta kowa ya karanta. E suna da amfani, amfanin ma ba kaɗan ba, in maki biyar ne zan ba su huɗu, kuma ɗayan da na riƙe ba don ƙeta ba ne, akwai abubuwan da in ba a gyara ba wata rana sai mun yi kuka.

Su dai samarin gari ne, ba ma'aikatan gwamnati ba, ba albashi ba kaki. Akwai manoma a cikinsu, akwai masu haya da moto wato babur, akwai tela da mai faci, Hausawa da Fulanin gida da Tupuri da Mafa da Giziga waɗanda iyayensu suka gangaro daga wajen Marwa neman ƙasar noma, Musulmi da Kirista duk a haɗe. Jauro, wato mai garinmu, shi ne ya sa musu albarka, lawan da ke sama da shi ma ya san da su. Aikinsu kashi biyu ne, yanke hanyar wuta, wato layin da ake sharewa don tare gobara, kewaye da gonaki da gari kafin ciyawa ta gama bushewa, da kuma fitar da mutane da tare wuta ranar da ta tashi.

Wanda ke zaune cikin Garwa ko Yawunde ba lallai ya gane me ya sa muke ɗaukar abin da zafi haka ba. Mu nan ruwa yana sauka tun daga Mayu har Oktoba, gamba takan yi tsawon da mutum zai shiga ciki ba a hango hularsa ba, to da zarar Nuwamba ta shiga sai ta fara bushewa, kafin Disamba ta ƙare ta zama ƙayau, ga hunturu yana busowa daga arewa maso gabas ba dare ba rana. Kuma daidai wannan lokacin ne duk wahalar shekara take zube a fili, masara a gona ko a bakin rumbu, gyaɗa an tuge an jera, harawa a kan itace, auduga an tsince an tara tana jiran ranar awo. Ita auduga ma ita ce ta fi tsorata ni, don tartsatsi ɗaya ya ishe ta, tana iya ci ta ciki a hankali ba a gani ba sai an wayi gari. Kuma duk manomin auduga ya san taki da maganin feshi bashi ake ba shi ta ƙungiyar manoma da ke hulɗa da Sodecoton, kamfanin auduga, ranar biya a cire, in tasa ta ƙone bai kawo komi a sikeli ba to 'yan rukuninsa da suka tsaya wa juna su ne za su biya masa. Ka ga gobarar mutum ɗaya ta shiga aljihun mutum goma kenan, daga nan kuma sai gaba da rashin gaisuwa.

Masu tada wutar kuwa duk mun san su ai, namu ne. Yara masu farautar gafiya da zomo su cinna wa ciyawa wuta don nama ya fito, masu cire zuma da dare su yar da bakin wutar a gindin itace su tafi, masu gawayi, mai sharar gona da ya ga iska ta kwanta ya kunna sai ta tashi masa, makiyayi mai son sabon toho ya fito wa shanunsa, mai moto da ya jefar da guntun taba a bakin hanya. Ba ƙabila ɗaya ba ce ba kuma sana'a ɗaya ba, zan dawo kan wannan.

Pompiye, wato 'yan kwana-kwana, suna nan a Garwa, lambarsu 118, kuma kowa ya ajiye ta a wayarsa, sojoji ne masu horo kuma suna aikinsu. Sai dai tsakaninmu da Garwa akwai tafiya, daga kwalta zuwa gonakinmu kuma hanyar ƙafa ce da ta moto, wutar ciyawa da iska a bayanta ba ta jiran kowa. Rabin awar farko tamu ce ko muna so ko ba ma so.

To bari in fara da yankan hanyar wuta, don a wurina shi ne ainihin aikin, shi ya fi komi, duk da shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa. Yadda ake yi, kana zuwa ka sami shugabansu ka ce kana son a kewaye maka gona ko wurin da ka tara amfani, sai ya turo mutum biyu su zaga da kai da ƙafa, su duba ta ina ciyawa ta fi kauri, ta ina iska ke shigowa, akwai gangare ko babu, don wuta in tana hawa tudu gudunta ya fi na fili nesa ba kusa ba. Sai a sa rana. Kamar gayya ce, kai mai gona ka kawo ruwan sha da kunu da abinci, sannan ka jefa abin da ya sawwaƙa a asusunsu, ba su yanka wa kowa farashi ba, gwauruwa da tsoho kuma ba a karɓar musu ko sisi, wannan na gani da idona.

Ranar aikin da sassafe suke zuwa da adda da lauje da fartanya da manjagara. Ba wai share fili ɗaya mai faɗi suke yi ba, wannan zai cinye musu mako a gona ɗaya. Layi biyu suke yankewa, ɗaya ta wajen gona ɗaya ta wajen daji, su kankare har ƙasa ta fito fes ba ko tsinke, su bar ciyawa a tsakiya, abin da suka yanka kuma su ja shi da manjagara su zuba cikin tsakiyar. Gefen da hunturu ke shigowa suna ƙara masa faɗi, wani wurin ya fi taku goma, don in gamba ta yi tsawo harshen wutar yana kwantowa ya tsallake siririn layi kamar babu shi. Sannan ba sa kunna wa tsakiyar wuta da rana ko da ka matsa musu kana sauri, sai bayan la'asar sakaliya iska ta faɗi, ko da asuba raɓa na kan ciyawa, kuma daga ƙarshen da iska ke nufa suke farawa, wutar ta riƙa tafiya tana fuskantar iskar a hankali a hankali, mutum biyu na gaba da bakin wuta, sauran sun jeru gefe da gefe da ɗanyen reshen darbejiya, duk inda ta leƙa waje a make ta. Kaɗan kaɗan suke ƙonawa, in wannan yanki ya mutu a matsa gaba.

Abin da ya sa na yarda da su ɗari bisa ɗari a wannan aikin shi ne abin da suke yi bayan wutar ta kwanta. Wani zai ga baƙin fili ya ce an gama a tafi gida. Su kam sai su bi layin da ƙafa suna tona toka da sanda suna neman abu biyu, kututturen itace da kandilo. Kandilo busasshe yana iya kwana yana ci ta ciki ba hayaƙi sosai, da safe iska ta taso ta mirgina shi ko ta ɗauki garwashinsa ta kai cikin ciyawar da ba ta ƙone ba, shikenan an koma gidan jiya. Na ga ƙaramin cikinsu, yaro ne da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya durƙusa yana sa bayan hannunsa kusa da wani kututture don ya ji ko da ɗumi, ya ji akwai, ya tone gindin da fartanya ya zuba ruwa ya rufe da ƙasa. Na ce masa kai yaro magariba ta yi ku je ku huta mana, ya ce Kawu wannan in muka bar shi gobe da azahar shi zai tashe mu tsaye. Washegari kuma da hantsi sai ga ɗaya daga cikinsu a kan keke ya dawo ya sake zaga layin. Ban kira shi ba, tsarinsu ne haka.

Suna kuma ba da shawara ko ba ka tambaya ba, a ɗage harawa daga jikin rumbu, a share ƙarƙashin tarin auduga da kewayensa, kar a jingina zana da ɗakin girki, a sare ciyawar bayan gida. Wasu dattawa ba sa jin daɗin yaro ya gaya musu yadda za su tsara gidansu, amma gaskiya da ladabi suke faɗa.

Yanzu ranar gobara. Bara cikin Janairu ne, bayan azahar, iska tana ta kaɗa ƙura tun safe. Hayaƙi aka fara hangowa ta gabas, kafin ka ce kwabo ya rufe rana, toka tana sauka a tsakar gida. Usur muka fara ji, sannan ladan ya hau lasifikar masallaci, can kuma aka buga ƙararrawar coci, da Fillanci aka yi shelar don shi ne kowa ke ji a nan. Ni abin da na zata duk samarin za su ruga wajen wutar ne, ashe sun riga sun raba kansu tun kafin ranar, kashi ɗaya ya nufi daji da reshe da famfon feshi, kashi ɗaya kuma ya bazu unguwar gabas gida gida.

Wannan kashi na biyun su ne suka sa nake rubutun nan. Shugabansu yana da wani littafin makaranta da ya rubuta gidajen da ke da tsoho ko makaho ko gurgu ko mai jego ko mai tsohon ciki, kowane gida kuma an san wa zai je. Gwaggona tana cikin littafin, ƙafafunta sun daɗe ba sa ɗaukarta, gidanta kuma shi ne kusan na ƙarshe ta wajen dajin. Ko da na iso daga kasuwa a guje na tarar da tirisikil, babur mai ƙafa uku, a ƙofar gidan, ita kuma tana zaune bakin ɗaki ta riƙe ƙyaure ta ce ba inda za ta ta bar awakinta a ɗaure su ƙone tana ji tana gani, ga hayaƙi har ya fara sa mu tari. Ni hankalina ya tashi na fara ɗaga murya. Yaron da aka turo mata bai yi musu da ita ba ko kaɗan, durƙusawa ya yi ya ce Inna ki yi haƙuri, awakinki ni zan kwance su yanzu kina kallo, ya zaro adda ya datse igiyoyin duka ya buɗe musu ƙofa suka fice, ya dawo ya ce to Inna saura ke, ina maganinki yake, ina takardunki. Ta nuna masa wata leda a ƙarƙashin katifa mai katin ɗan ƙasa da takardar asibiti, ya cusa a aljihu, ya jiƙa mayafinta a randa ya ce ta rufe hanci da baki, muka cicciɓe ta ni da shi muka aza a tirisikil. Duk abin bai kai minti biyar ba. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ƙwalla, don ya gane cewa tsohuwar nan ba taurin kai take yi ba, awakin nan su ne duk abin da ta mallaka.

Filin ƙwallon makaranta suka zaɓa wurin taruwa saboda ƙasa ce tsura ba ciyawa, kuma yana yamma da gari. A can na tarar da 'yan mata biyu da wata malamar makaranta suna bin mata ɗaya bayan ɗaya suna tambaya, Yaya 'ya'yanki nawa, duk suna nan, ƙirga mu gani. Ta haka aka gane yaro ɗaya ba ya nan, uwar tana zaton yana wajen kishiyarta kishiyar tana zaton yana wajen uwar, aka tura mai moto ya same shi ƙarƙashin gado ya ɓuya don tsoro. Yara haka suke yi in sun firgita, ba gudu suke ba ɓuya suke, duk wanda zai duba gida ranar gobara ya leƙa ƙarƙashin gado da bayan randa da cikin rumbu.

Bayan na ajiye Gwaggo na bi su wajen wutar da jarka a moto. Ba sa tarar ta gaba da gaba, kuma duk wanda ya zo taimako ya nufi goshinta sai sun daka masa tsawa ya dawo. Ta gefe da gefe suke bin ta suna matse ta, ƙafarsu kullum a kan wurin da ya riga ya ƙone, don nan ne mafaka in iska ta juya, mai famfo yana gaba yana fesa gindin ciyawar ba saman harshen ba, masu reshe suna biye suna shafewa zuwa cikin baƙin filin. Mutum ɗaya an ajiye shi kan tudun gara ba ya komi sai kallon iska da busa usur. Inda aka yanke hanyar wuta tun Nuwamba da ta iso sai ta rage tsawo ta kwanta, aka kashe ta da reshe kawai. Inda ta samu shiga wani yanki ne da mai shi ya hana a yanka don yana son gambar ya yi zana ya sayar, ta nan ta ɓulla ta cinye rumbuna da wasu bukkoki da tarin audugar mutum biyu ƙurmus. Ba a rasa rai ba alhamdu lillahi. Bayan kwana biyu kuma su ɗin dai suka zaga gari da buhu, mai mudu ya ba da mudu mai kwano ya ba da kwano, suka yanko ciyawa aka yi wa waɗanda abin ya shafa sabuwar jinka.

To ga inda na riƙe makina. Babba a ciki shi ne ruga. Akwai Mbororo da ke sauka bayan garinmu duk rani da shanunsu, su ne ma suka fi kowa kusa da ciyawa, bukkokinsu a tsakiyarta suke, amma ba gida ɗaya nasu a cikin littafin nan, ba wanda ke da lambar ardonsu, ranar gobarar ba a tura musu ko mutum ɗaya ba. Da kansu suka kora shanu suka gangara rafi, matansu da goyo da ƙwarya a ka, Allah ne kawai ya kiyaye. Da na yi magana sai wani cikin samarin ya ce ai Kawu su ne ke sa wutar. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai. Na farko ba wanda ya ga wanda ya kunna ta ranar, kuma makiyayi ba ya ƙona ciyawar da yake zaune a cikinta da 'ya'yansa a tsakiyar Janairu, in ta ƙone shanunsa me za su ci har Mayu. Na biyu ko da wani nasu ne ya kunna, jaririn da ke goye me ya yi. Yankinmu ya ga isasshen rikicin manoma da makiyaya, bai kamata aikin ceton rai ya zama wani wurin nuna bambanci ba. Kuma ko ta fuskar amfani ma asara muke yi, su suke kwana a daji, su za su fara ganin hayaƙi kafin kowa, da akwai samarinsu biyu a ƙungiyar da labari ya riga isowa gari.

Sai kayan jiki. Yawancinsu da silifas suke shiga wuta, wasu da rigar ƙwallo ta roba, irin wannan rigar in zafi ya taɓa ta narkewa take ta manne da fata. Rigar auduga mai dogon hannu da wando mai kauri da takalmi rufaffe da hula, wannan shi ne mafi ƙaranci. Ɗaya ya taka garwashi silifas ɗin ya narke masa a tafin ƙafa, kuma abin da ya ƙara tayar mini da hankali sai na ga an kawo man goge baki da ɗanyen ƙwai za a shafa masa. A'a jama'a. Ƙuna ruwa mai sanyi mai tsabta ake zuba mata a kai a kai har kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba manja ba toka, kar a fasa ƙurjin, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a kai mutum asibiti. Kuros Ruj ta Kamaru, wato ƙungiyar agaji ta Red Cross, tana koyar da taimakon gaggawa, ina ganin in jauro ya rubuta takarda aka nemi a koya wa ko mutum biyar cikinsu zai yi amfani sosai. Laifin rashin takalman kuma rabinsa namu ne mu masu ɗan hali a gari, yaron da ke shiga wuta kyauta don rumbunka bai kamata ya sayi takalmi da kuɗinsa ba.

Famfon da suke amfani da shi irin na goyo ne mai lita 15 ko 16, wanda ake feshin auduga da maganin ciyawa da shi, aro suke yi gida gida ranar da abu ya faru. Yana aiki ba laifi, goyo ɗaya in mai shi ya iya yana kashe layi mai tsawo. Amma wasu ba a wanke su ba, kana jin warin magani yana tashi cikin hayaƙin, mutum yana haki yana shaƙa, ruwan yana zuba a bayansa, har na ga wani ya tara hannu zai wanke fuska da shi sai da aka hana shi. Ya kamata asusu ya sayi nasu sababbi ko guda huɗu a shafa musu jan fenti, kar magani ya taɓa shiga ciki, a ajiye su cike da ruwa a zauren jauro daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Lambar waya ɗaya ce tak ake kiransu da ita, ta shugaba, in ya tafi kasuwa ko caji ya ƙare ko ya shiga inda ba rezo, wato waya ba ta kamawa, shikenan. A ƙara biyu a rubuta a bangon masallaci da coci da wurin mai shayi. Kuɗin asusu kuma ban zargi kowa da cin ko dala ba, amma ba a taɓa karanta lissafi a bainar jama'a ba, shi ya sa masu surutu suke samun abin faɗa.

Akwai masu cewa ai su ma wuta suke sawa a daji, me ya raba su da mafarauta. Da bambanci babba. Wutar farkon rani da ake sawa ciyawa na da sauran ɗanye ba ta da ƙarfi, tana ci tsalle tsalle ta mutu da kanta da dare, itatuwa suna tsira, shi ya sa masu kula da gandun daji irin na Benuwe da Buba Njida da Faro suke ƙona wasu wurare da wuri don kar ta ƙarshen rani ta sami abin ci. Ta Fabrairu da Maris kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ita ce mai kashe ƙananan itatuwa ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke ta. Dokar daji ta Kamaru ta 1994 da dikiri, wato umarnin gwamnati, da ya biyo ta a 1995 sun hana wutar ƙarshen rani, suka ce ta farkon rani kuma sai da izinin hukuma, a 2024 kuma aka yi sabuwar dokar daji da ta maye gurbin ta 1994. Saboda haka masu son kafa tasu ƙungiyar kar ku fara kunna komi sai kun bi ta wajen jauro da lawan kun sanar da ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, da ma'aikacin gandun daji na yankinku, ku ji ranakun da aka yarda, ku kuma gaya wa maƙwabtan gona da mutanen ruga kwana ɗaya kafin nan. Samarinmu suna yin na hukumar, na rugar ne suke tsallakewa.

Kuma kar wani ya raina abin don wai 'yan sa kai ne. A Faransa ma da duk motocinsu da jiragensu kusan huɗu cikin biyar na pompiye ɗinsu 'yan sa kai ne masu wata sana'ar daban, bambancin kawai ana ba su horo da kaya. Mun kuma ga abin da ya faru a Aljeriya cikin Agustan 2021 a yankin Kabiliya, mutane da yawa suka rasu har da sojojin da suka je ceto, wuta in ta haɗu da iska da tudu ko mai horo tana iya ritsawa da shi, balle yaro da silifas. Shi ya sa nake son dokarsu ta hana tarar goshin wuta, kuma nake roƙonsu kar su sassauta ta ko rumbun wa ke ci.

Ga masu tambayata daga ina za su fara, ni a ganina littafin nan za ku fara yi tun kafin ku sayi ko adda ɗaya, ku zauna da matan gari don su suka san ɗakin da ke da mai jego da wanda ke da tsohuwar da ba ta tashi, ku sa rugage a ciki tun ranar farko, ku zaɓi fili ku gaya wa kowa har yara. Yankan layi kuma a gama shi kafin tsakiyar Disamba, bayan nan ciyawar ta bushe da yawa ƙona tsakiyar ma haɗari ne, in kun makara to ku kankare da fartanya kawai kar ku kunna.

Mu nan an sa taro ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci a ƙofar jauro, ni da wasu 'yan kasuwa mun yi alkawarin takalma da famfo biyu, kuma na riga na je ruga na gaida ardo na roƙe shi ya turo samarinsa, ya ce in sha Allahu za su zo. Satin da ke biye za a fara yankan gefen gabas, wanda ke son ganin yadda ake yi daga ƙauyukan kusa ya zo da sassafe da addarsa da gorar ruwansa, a sa rigar auduga da takalmi rufaffe.